Uwar Tururuwan Si Allal

Tun da hantsi aka fito da Si Allal a kan kujerarsa. Mutum biyu suka ɗauko shi kamar buhun alkama, suka dire shi a ƙarƙashin rumfar mai gasa burodi, yana fuskantar ƙofar gidansa, suka rufa masa bargo a ƙafa, suka koma ciki kwasar kaya. Ba wanda ya tambaye shi ko wurin ya yi masa. To, ko an tambaye shi ma, da wane baki zai amsa? Tun bara da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a shagonsa, harshensa ya tafi tare da hannun dama da ƙafar dama. Abin da ya rage masa ido ne, da kunne, da hannun hagu mai rawa, da wani gurnani da ba mai gane shi sai matarsa Lalla Mbarka, ita ma rabi da rabi.

Ruwan saman da aka yi da sanyin bana bai raga wa tsohon garin Meknes ba. Gidan da Si Allal ya gada a wurin ubansa ya tsage tun daga rufi har ƙasa, tsagar da za ka zura hannu ka taɓa iskar waje. An tokare bangon da katakai, katakan ma sun fara lanƙwasa. Jiya masu duba gine-gine suka zo, suka leƙa, suka fito da sauri, sai mai unguwa Si Tuhami ya sanar cewa kafin la'asar ta yau kowa ya fita, zai ɗaure ƙofar da sarƙa, in ruwa ya ɗauke a zo a sauke benen. Ƙanin Lalla Mbarka ya ba su ɗaki guda a gidansa can bayan ganuwa, shi ya sa Jilali mai amalanke ya tsayar da alfadarinsa a bakin lungu yana ta lodi.

Si Allal bai damu da katifa ba, bai damu da tukwane ba. Abin da ke ransa yana cikin bangon ɗakin sama, kuma ba abin ɗauka ba ne: gidan tururuwar da ya yi reno shekara goma sha wani abu, da uwar da ta haife su kaf. Uwar nan guda ɗaya ce. In aka rufe ƙofar tana ciki, an gama, don sauran ba sa haihuwa, sai dai su yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya har a wayi gari babu ko guda.

Si Allal mai yankan gilashi ne, ɗan mai yankan gilashi. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san shagonsa, ɗan ƙurmusus, da tagogi jingine a bango da warin danƙon like gilashi. Mutum ne marar hayaniya, ba ya zaman gidan shayi, ba ya musun ƙwallo, 'yarsa ɗaya ta yi aure a Tanja. Har ya kusa hamsin ba wanda zai ce ga abin da ke burge shi. Sai wata shekara, bayan ruwan farko na kaka, ya je sa taga a wata gona ta wajen dutsen Zarhun, ya tarar da tururuwa masu fiffike sun cika fili. Ɗaya ta sauka a kan gilashin da yake aunawa, ta lanƙwashe, ta sa ƙafafunta ta karya fikafikanta, ta yar, ta shiga neman rami. Ya tsaya yana kallonta har mai gona ya yi masa magana. Maimakon ya kakkaɓe ta, sai ya zazzage ƙwayoyin maganin da ke wata kwalba a aljihunsa, ya sa ta a kwalbar, ya toshe da auduga.

Da ya iso gida Lalla Mbarka ta leƙa kwalbar ta ce maza na dawowa daga ƙauye da man zaitun ko ɓaure, nata mijin ƙwaro ya kawo mata. Ya jiƙa auduga, ya sa kwalbar a cikin duhun akwati, ya hana kowa taɓawa. Sanyi ya zo ya wuce, tururuwar na nan a dunƙule, ba ta ci ba ta sha, shi kuwa kullum sai ya leƙa. Sai da ɗumi ya shigo ta zuba ƙwai, daga baya 'ya'yan fari suka fito.

Wayyo, da ka gan su sai ka tausaya. 'Yan mitsi-mitsi, ba su fi kiyashi ba, ƙwayar riɗi ɗaya sai su taru su uku suna ja. Lalla Mbarka ta ce an cuce shi, uwar ƙatuwa ta haifi ƙura. Shi dai ya ce a yi haƙuri, daga jikinta ta ciyar da su, ba ta da abin ba su fiye da haka. Aka yi haƙurin kuwa. Da gida ya fara cika, abinci ya wadata, sai 'ya'yan baya suka riƙa fitowa da ɗan jiki, wasu matsakaita, wasu sun fi matsakaita. A shekara ta uku ya sauko daga bene da safe yana haki, ya ce mata an samu jan kai. Ta ɗauka wani abu ne ya faru da 'yarsu. Ashe wata ƙatuwa ce ta ƙyanƙyashe, kanta ja wur, faɗinsa ya fi na jikinta, ga muƙamuƙi kamar filaya. Ran nan har alewa ya saya ya raba wa masu shaguna, suka ci suna tambayarsa ranar suna.

Daga nan bakinsa ya buɗe, mutumin da a da sai ka yi da gaske ka ji muryarsa. In ka kuskura ka kai masa gyaran madubi, ka shiga uku, sai ka ji tarihin gidan duka. Ƙananan su ne masu reno, ba sa rabuwa da ƙwai da tsutsotsi, su lashe wannan su juya wancan. Matsakaitan su ne 'yan dako, su ke fita su kwaso ƙwaya su jera a rumbu. Masu jan kai kuwa aikinsu fasa ƙwayar da ta gagari kowa, a tauna ta ta zama gurasar gida, kuma in aka taɓa gidan su ne ke fitowa da baki a buɗe. Abin da ya fi ɗaure masa kai, duk uwarsu ɗaya, ƙwan ma ba ka bambance shi da ido, ciyarwa ce ke sa wannan ta tsaya ƙarama waccan ta zama ƙatuwa. Mutane su ce masa ai sarauniyar tasu tana shan mulki, sai ya ɓata rai. Ya ce ba ta mulkin kowa, baiwar Allah ce mai tsoro, baƙa ƙirin, doguwa, da ƙaramin kai da tudun baya inda tabon fikafikanta yake, da ta ji motsi sai ta nutse can ƙuryar ƙasa, ƙananan su rufe ta da jikinsu.

Duk Meknes ta ji wannan bayani, ban da mutum ɗaya. Lalla Mbarka da ya fara sai ta ɗaga hannu ta ce ya tsaya nan, ita tana da wankin da za ta yi. Ba ƙinsu take ba. Ba ta taɓa kashe ko ɗaya ba, in wata ta ɓace ta shigo kicin sai ta ɗauke ta a takarda ta kai masa tana mita. Kallonsu ne ke sa mata ƙaiƙayi. Musamman ɗakunan ƙasa na gidan tururuwar da yake rufewa da jan ƙyalle don kada haske ya dame su, ba ta taɓa ɗaga ƙyallen ba ko sau ɗaya.

Kuskuren kuma nasa ne, ba na kowa ba, kuma kuskure ne irin na gwani. Da gidan ya yi yawa, kwalba ta kasa, akwatin gilashi ya kasa, sai ya dubi babban alkukin da ke bangon ɗakin sama, inda kakarsa ke ajiye fitila, ya ce ga gida nan Allah ya gina. Ya kwaɓa filasta ya zuba a ciki, ya sassaƙa ɗakuna da hanyoyi, ya yanko gilashi mai kauri daidai bakin alkukin ya like da danƙo, likin da ko numfashi ba ya fita. Masu irin wannan kiwo da ya sani a Fas da Rabat duk a akwati suke yi, abin da za ka ɗauka ka sa a mota. Shi ya raina akwati. A ganinsa mutum ba ya tashi daga gidan ubansa, to me zai sa ya yi wa tururuwa gidan tafiya?

Da ciwo ya kwantar da shi, Lalla Mbarka ce ta karɓi kiwon ba tare da an roƙe ta ba. Ta zuba riɗi da geron tsuntsaye ta 'yar ƙofar da ya bari a saman gilashin, ta ɗura ruwa a bututun da ya nuna mata da ido, tana kau da kai. Kullum bayan karin kumallo sai ta ja kujerarsa gaban gilashin ta bar shi. Likita ya ba da magunguna, 'yarsu ta turo keken guragu da ya ƙi bin matakalar gidan, malamai sun yi addu'a, amma ita ta san a gaban bangon nan kaɗai idonsa ke dawowa na mai rai. Ta sani sarai, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Yau ga shi a rumfar mai burodi, ana ta wucewa da kayansa ta gabansa. Tabarmi, tukwanen ƙasa, babban faranti na tagulla, injin ɗinki. Yayyafi ya dawo. Duk wanda ya fito daga gidan sai ya kakkaɓe farar ƙura daga kafaɗa, ya ɗaga kai ya dubi tsagar. Azahar ta yi, aka yi salla, aka dawo. Si Allal na jira wani ya ambaci bangon sama, ba wanda ya ambata. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, cewa an manta, ko kuma an yi shawara a bayansa an ce a ƙyale.

Da Jilali ya ɗaure igiyar ƙarshe ya zo ya ce, "To Mu'allim, saura kai, kai ne babban kaya," ya sunkuya zai ɗaga kujerar, sai Si Allal ya damƙi ƙarfen rumfar da hannun hagu. Jilali ya ja, hannun ya ƙi saki. Gurnani ya fito daga maƙogwaronsa, mummuna, har yawu ya zubo masa a gemu, mai burodi ya leƙo daga bakin tanda.

Lalla Mbarka ta zo ta goge masa baki da gefen mayafinta. Ba ta tambaye shi me yake so ba. Ta ce wa Jilali ya hau ya ga ko abin zai ciru. Jilali ya ce ya riga ya duba tun da safe, filastar ta zama bango, bangon kuma shi ne mai tsagar, in ya sa guduma a nan to gidan zai sauko musu a ka. Ya ce shi yana da 'ya'ya, kuma ko ba shi da su ba zai mutu saboda tururuwa ba, a je gona a ɗebo masa wasu cikin buhu. Si Tuhami mai unguwa, da sarƙarsa a hannu, ya ce maganar ke nan, ya ƙara da cewa daga yanzu ba mai sake taka matakalar nan, in wani abu ya faru shi za a tambaya.

Lalla Mbarka ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Si Tuhami, ni na yi maka wankan jego da kai da uwarka a wancan gidan. La'asar ka ce. An kira la'asar?"

Ya ce ba a kira ba. Ta buɗe jakar kayan aikin mijinta da ke kan amalanke, ta zaro wuƙar kankare danƙo, ta ɗauki cokali da kwalbar zuma marar komai, ta yi bisimilla ta shige.

Si Allal ya bi ta da kunne. Ya san kukan kowace matakala a gidan nan, ya ji ta hau, ta tsaya ta huta a kwanar benen saboda gwiwarta, ta ƙarasa. Daga nan shiru. Ya san likin da ya yi wa gilashin, ya yi shi ne don kada ya ciru, yau ga shi yana tsine wa gwanintarsa. Can sai aka ji ƙarar fashewa, Jilali ya yi tsalle ya koma tsakiyar lungu, amma Si Allal ya gane gilashi ne ba bango ba. Ta gaji da kankara ta fasa. Ya rufe ido ya ga abin da ke faruwa kamar yana wurin: haske ya faɗa ɗakunan da ba su san haske ba, dubban tururuwa sun tafasa, kowace ta ɗauki ƙwai a baki tana gudu.

Ta fito tana karkaɗe hannayen riga, tana Allah-wadai da ranar da aka je Zarhun. Kwalbar ta cika rabi da ƙanana da matsakaita da fararen tsutsotsi da ƙwayar riɗi, duk a cakuɗe. Ta miƙa masa dab da ido, tana juya ta a hankali. Ya duba, ya sake dubawa. Babu ita. Ya girgiza kai.

"To yaya take? Nuna mini. Shekara da shekaru kana cika wa mutane kunne, yau da ake son maganar ka yi shiru."

Ta faɗa ne cikin zolaya irin tasu. Ya ɗaga hannun hagu, ya ware babban yatsa da manuni, yana nufin doguwa. Ya so ya nuna tudun baya, ya kai hannu kafaɗarsa, hannun ya yi ta karkarwa ya faɗo. Ya so ya nuna baƙi, ya nemi wani baƙin abu kusa da shi, ya damƙi bargo, bargon kuwa ruwan ƙasa ne. Ya nuna ƙasa da yatsa, ƙasa, can ƙasa. Ta ɗauka bargon ne ke zamewa, ta gyara masa.

Jilali ya ce ai magana a fili take, babba yake nufi. Sarauniya ai ita ce babbar cikinsu, kuma shi da ya leƙa da safe ya ga wasu ƙatti masu jan kai kamar sun sa jar hula dara, a cikinsu za a nemi wadda ta fi kowa. Mai burodi ya ce haka ne, shugaba ba ya ɓuya. Lalla Mbarka ta ce ta gan su, su ne suka yi mata wannan aika-aika a hannu, akwai ma wata da ta fi su duka, ta tsaya a bakin rami tana buɗe baki kamar mai gidan haya.

Si Allal ya girgiza kai da duk ƙarfinsa. Ya yi gurnani, ya bugi hannun kujera. Amma ta riga ta juya, ta ɗauki kofin shayin mai burodi ta watsar da sauran, Jilali kuma ya dafa shi yana cewa ya kwantar da hankali, yanzu za a kawo masa ita. Si Tuhami ya tare ƙofa ya ce ya isa haka. Ta ce ya matsa ko ta bi ta kansa. Ya matsa, yana cewa kowa ya shaida ya hana.

Wannan karon ba ta kai kwanar benen ba aka ji katakon da ya tokare bangon ya yi ƙara, irin ƙarar icen da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa. Ƙasa ta zubo daga tsagar, siririya, ba ta tsaya ba. Maƙwabta da suka taru suka ja da baya, wata mata ta fara salati. Alfadarin Jilali ya kwantar da kunnuwa baya yana tirjiya. Si Tuhami ya leƙa zaure ya kira sunanta, ya sake kira, ba amsa, shi kuma bai shiga ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma ina wurin, ban shiga ba.

Si Allal na zaune, ba abin da zai iya. Tun tana 'yar shekara goma sha tara aka kawo ta gidan nan, da akwati guda da bakin da ba ya gajiya. Ita ta yi jinyar uwarsa a ɗakin ƙasa, ita ta binne 'ya'ya biyu da ba su yi kwana arba'in ba, ita ke juya shi a gado yanzu tana yi masa tsiya don kada ya ji kunya. Ga ta can a saman bene mai rawa, da gwiwa mai ciwo, tana farautar tururuwar da ba ita ba ce, kuma shi ya aike ta da yatsunsa biyu. Ya so ya ƙwala mata kira ta sauko. Abin da ya fito bai fi kukan ɗan akuya ba.

Sai wani abu mai nauyi ya faɗi a ciki. Ƙura ta bugo ta tagar sama, fara fat, ta sauko a kan lungu. Ladanin masallacin unguwa ya ɗauki kiran la'asar a daidai lokacin, ba wanda ya motsa. Jilali ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Ta fito ta cikin ƙurar a hankali, tana bin bango da kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa. Kanta da girarta sun yi fari, jini na bin goshinta ta gefen ido yana ɗiga a haɓa. Hannunta na dama riƙe da kofin shayi, na hagu ta kife a bakinsa. Mata suka yi kanta, ta ce su ba ta wuri, filastar rufi ce kawai ta ɓallo, ba ta mutu ba tukuna. Ta zo ta durƙusa a gaban kujerarsa da ƙyar, ta ɗaga kofin.

A ciki wata jan kai ce, ƙatuwa, irin wadda gida ba ya samu sai ya shekara goma yana ƙoshi. Tana zagaya gindin kofin tana kai wa gilashi cizo. Kyakkyawa ce, ba ƙarya, da a wata rana ce da ya yi alfahari da ita. Amma ma'aikaciya ce kamar sauran, ba za ta taɓa yin ƙwan da zai tayar da gida ba, in ta daɗe ta ga kaka.

"Ita ce?" in ji Lalla Mbarka. "Duba da kyau, Si Allal, kada ka ji tausayina. In ba ita ba ce in koma. Akwai wani rami can ƙasa ta hagu, inda jan ƙyallen yake, ƙananan sun dunƙule a ciki kamar curin gashi, sun ƙi watsewa. Ban taɓa su ba, na ga ba manya a wurin. In sa cokali in kwaso?"

A nan uwar take. Ramin ƙasa ta hagu, ƙarƙashin curin ƙananan, a nan take kwance da ƙaramin kanta da tudun bayanta, cokali ɗaya ya isa. Ya ga wurin a zuciyarsa kamar tafin hannunsa. Ba abin da ake bukata sai ya girgiza kai, abin da ko shanyayye yana iyawa, kuma ya san matarsa, kafin Si Tuhami ya buɗe baki ta kai matakala. Ta ma riga ta dafa gwiwa za ta miƙe. A bayanta ƙasa na ci gaba da zubowa daga tsagar, katakon tokaren ya fito da farin tsagi a tsakiyarsa.

Ya dubi jinin da ke haɓarta. Ya dubi kofin. Ya gyaɗa kai.

Ta ce, "Ka tabbata?"

Ya sake gyaɗawa, sau biyu, da ƙarfi, har ya yi ƙoƙarin murmushi da ɓarin bakin da ke motsi. Hawaye suka zubo masa, mutane suka ce na murna ne. Baƙin ciki ne, baƙin cikin da bai taɓa ji ba tun ranar da ya farka a asibiti ya nemi harshensa ya rasa, amma ko da za a sake tambayarsa sau ɗari, amsar da zai bayar ke nan.

Lalla Mbarka ta sauke ajiyar zuciya ta zauna daɓas a kan dakalin mai burodi. Ta ce dama ta sani, tun da ta ga tsayuwarta ta ce wannan ba talaka ba ce, har ta cije ta a yatsa, ga shaida. Jilali ya ce ai shi ya faɗa, a riƙa jin maganar masu amalanke. Si Tuhami bai jira komai ba, ya ja ƙofar, ya zura sarƙa, ya danna kwaɗo, ya sa makullin a aljihu. Si Allal ya ji ƙarar kwaɗon har cikin haƙoransa.

Aka wanke mata goshi aka ɗaure da tsumma, wata maƙwabciya ta ba ta silifa. Aka ɗora shi a kan amalanke tsakanin katifa da injin ɗinki, ta juye jan kan a cikin kwalbar zuma tare da sauran, ta huda murfin da allura, ta sa masa a cinya, ta ɗora hannunsa na hagu a kai. Ita ta bi gefen amalanken a ƙasa tana ɗingishi, ta ƙi hawa, wai alfadarin ya sha wuya.

Suna fita daga lungu ta fara lissafin zaman da za a yi. Ta ce ɗakin ƙaninta yana da taga mai kallon gabas, a nan za a ajiye su, amma wannan karon a akwati, ba ta son jin zancen bango. Za ta sa yaron shagon Si Idris, wani mai gilashi, ya yanko gilashi, shi kuma ya zauna ya duba aikin da ido, in an yi ba daidai ba ya yi gurnaninsa. Ta ce tun da ta sha cizo a kansu, daga yau za ta riƙa kallo, har jan ƙyallen za ta ɗaga, ya daina cewa ba ta damu ba.

Ta leƙo kwalbar, ta ƙwanƙwasa gilashin da farce daidai inda ƙatuwar take. Ta ce, "Yaushe za ta fara ƙwai? In ɗumi ya shigo ko?"

Si Allal ya gyaɗa mata kai.